Baƙar Kwat a Bayan Ƙofa

Har yau kwat ɗin tana nan bayan ƙofa,
kafaɗar dama ta ɗan sunkuya
yadda jakar takardu ta koya mata.

A Ringim ba a ce masa Barista.
Malam Tasi'u na rikicin gona, haka suke kiransa,
don ya san kowace kuka da aka yi iyaka da ita
daga bakin kogi har hanyar Taura.

Ofis ɗaki ɗaya, jikin rumfar mai faci,
tafireta mai cinye wasula,
da bencin da manoma ke zama, hula a gwiwa.
Wani ya biya da ƙwaryar ƙwan zabi,
wata da tiyar gero a bakin zane.
Inna ta ce, "Lauya, wannan ne kuɗin makarantar?"
Ya yi dariya, ya ce a soya.

Shari'a ɗaya ta kuɓuce masa, bai yafe wa kansa ba:
gonar marayun Mamuda.
Kaka goma sha ɗaya yana kai musu buhu da dare,
ba mu ji ba sai a zaman makoki.

La'asar sakaliya yake rufe ofis, ko wa ke jira.
Tsire a takarda, ya raba mana mu bakwai,
shi ya ɗauki albasar.

Jiya na sa hannu a aljihun ciki:
ɓarin goro, ya bushe ƙayau,
da sakamakon jarrabawata na aji huɗu.
Ta goma sha tara na zo.
Ya ja layi ƙarƙashin sunana.