Gishiri

Sunana Morjina, matar Gofur masunci.
Gidanmu na bayan ganuwar laka, a bakin kogin Kholpetua.
In kin taso daga Satkhira, ki sauka inda kwalta ta ƙare,
ki tambayi matar da ke riga zakara fita da tulu,
kowa zai nuna miki ni a gari.

Kakata ta ce a zamaninta shinkafa na kai wa mutum ƙirji.
Ni na tarar da ita iya gwiwa.
'Yata Shiuli ba ta taɓa ganin ta a tsaye ba,
sai a buhu, da tambarin wata ƙasa a gefe.
Gonarmu ta yi furfura tun ba ta tsufa ba,
ko ciyawa ta yi mata ƙaura da wuri.

Awa biyu nake tafiya neman ruwan da zai shawu.
Na kusa, da shi muke wanka, da shi muke wanke tsumman al'ada,
ya ci mana fata, ya ci inda ba a faɗa.
Likita ya ce mu daina. Mu daina mu koma ina?
Muka gode masa, muka dawo da haƙuri.

Gofur ya fita da kwalekwale wata Talata.
Kifi ya yi yamma, shi ma ya bi.
Ashe akwai layi a kan ruwa da idon masunci ba ya gani,
masu bindiga na wancan ɓangaren kuwa suna ganin sa sarai.
Wata goma sha ɗaya ke nan. Wasiƙa ɗaya.
Ya ce in sayar da akuya, kada in taɓa komarsa.
Ya ce abincin kurkuku babu gishiri.

Da guguwa ta wuce aka kafa tebur a makaranta.
Na bi layi har la'asar.
Magatakarda ya dubi takarda, ya dube ni:
sunan maigida ne a nan, sai ya zo da ƙafarsa.
Na ce ni na ɗaure jinka cikin iska,
ni na goya ɗaya, na ja biyu, ruwa iya wuya.
Ya ce, baiwar Allah, ba ni na rubuta ba, haka yake a tsari.

Kowa ya san wanda ya huda ganuwa da dare,
ya shigo mana da teku don kiwon jatan lande.
A Turai ake cin su, an ce, da cokali mai yatsu.
Mu ashirin da bakwai muka je da kwanduna muka toshe kafar.
Washegari yaransa suka zo a kan babura,
ba su daki kowa ba,
sunan Shiuli kawai suka kira, da hanyar da take bi zuwa makaranta.
Tun ranar da lauje nake kwana,
kunne a ƙofa, har gabas ta yi fari.

Yanzu ga ki da na'urar ɗaukar murya,
za ki kai maganata babban taron ƙasashe,
inda ake tayin hayaƙi kamar bijimi a kara,
wannan ya ce kai ka fara ƙonawa, wancan ya ce kai ka fi.
Kin ce zauren muhalli daban, zauren tsaro daban,
na mata sai ranar ƙarshe, bayan an naɗe jakunkuna.
To a wanne za ki ajiye ni?
Tulu ɗaya gare ni, 'yar'uwa,
duka ukun a cikinsa nake ɗauko su, a cakuɗe, ba a jeri.

Kada ki ce musu na yi kuka.
Ga kwalba, daga rijiyarmu na cika ta.
Ki ajiye ta gaban wanda ya fi kowa dogon jawabi,
ki bari maƙogwaronsa ya bushe.
Ni zan tashi, kogi ya fara janyewa,
kwando arba'in na laka na jira na
kafin wancan hadari.