Maƙoshin Wuta

Tun da hantsi na jera su a cikin durom,
kasake uku da tulu ɗaya mai dogon wuya,
yumɓun bakin Rima, da ƙafata na kwaɓa shi.
Arzika mai walda ne ya yanka min durom ɗin,
ya liƙe cikinsa da farin bargon da wuta ba ta ci,
ya ce, "Modi, in wanga ya kama,
kahin ka sha hura tukunyarka ta yi ja."

Na murɗa gas, na ƙyasta ashana.
Wuta ta fito tana hamma,
rawaya, malalaciya, tana lasar bakin rami
kamar akuyar da ta ƙoshi aka miƙa wa dusa.
Ni kuwa shuɗiya nake nema,
mai tsini, mai gurnani.

Na jijjiga tukunyar gas, tana nan da nauyinta.
Na kaɗa ruwan sabulu na bi tiyo gaɓa-gaɓa,
ko kumfa ɗaya bai tashi ba.
Na buɗe ƙofar iska, na rage, na ƙara,
na ja bututun baya da yatsa biyu ko zai numfasa.
Sai ta yi tari, fat! ta koma ciki da baya,
ta babbake min gashin hannu,
ta bar baƙin toka a kafaɗar tuluna.
Na zagi Arzika a zuci,
na zagi mai sayar da gas da ubangidansa.

Inno tana gindin dogon yaro tana tsinkar zogale.
Shekara hamsin ta yi tana gashi a Rumbukawa
da kara da busasshen kashin shanu,
ba ta taɓa murɗa komai ba.
Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce,
"Wuta ba ta ƙarya, ɗan nan.
In ta yi rawaya, shaƙe ta anka yi.
Duba mata maƙoshi."

Na kashe, na jira ƙarfe ya huce,
na kwance bututun na ɗaga shi ga rana.
Ranar Sakkwato, mai huda bargo,
ta kasa wucewa ta ciki.

Tsinken tsintsiya ne ya zaƙulo ɓarawon:
'yar tukunya, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba,
sumul, an toshe bakinta tsaf.
Zanzaro!
Sati biyun da zazzaɓi ya kwantar da ni
yana ɗibar kwaɓina baki-baki,
ya ga ɗaki mai duhu, babu haya.
Ashe abokin sana'a ne ya rufe min kasuwa.

Na busa ƙaramar hudar, na zura mata siririyar waya
a hankali, kada in faɗaɗa ta.
Na ɗora ginin zanzaro kusa da tuluna,
na ce tunda tare muka gina, mu gasa tare.

Wannan karon sai da kaji suka watse.
Shuɗiya, miƙaƙƙiya, tana ruri.
Can tsakiyar aiki ta fara sanyin jiki,
na waiga, tukunyar gas ta yi farar ƙanƙara
a tsakiyar bazara, yara na shafawa suna ihu.
Na tsoma gindinta a bahon ruwa, ta farfaɗo.

Da suka yi ja na sa awartaki,
ɗaya-ɗaya cikin garin katako,
wuta ta tashi, na kife murfi,
hayaƙi ya shiga rubutunsa a kowace tsaga.

Bayan la'asar na wanke su.
Kasake sun fito da zanen fadama a rani.
Tuluna, wanda na yi kwana huɗu a wuyansa,
ya rabu biyu.
Ta zanzaro kuwa, na ƙwanƙwasa ta da farce,
ta amsa, ƙal.

Inno ta karɓa ta juya ta a tafin hannu,
ta ce, "Wanga ya san kwaɓi."

Yanzu kullum dare da tsumma nake toshe bututun,
amma ina bar masa ɗan curi a bakin randa.