Wanke Toka a Ramganga

Babana Mehtab ya yi shekara talatin yana zane a jikin tagulla.
Nan Moradabad, in an ce farantin Mehtab,
mai saye ba ya taya kuɗi sau biyu.
Yanzu da asuba shi ke kwance buhun da ya zo daga Delhi,
ya zazzage a tsakar gida:
allunan kwamfuta kore shar kamar alayyafo,
wayoyi masu tsagaggiyar fuska,
igiyoyin caja a cukurkuɗe kamar hanjin akuya.
Ba ya cewa uffan. Guduma yake ɗauka.

Ni aikina a murhu yake.
In kifa allo bisa wutar gas har dalma ta saki,
in buga shi a bakin kwano,
'yan ƙafafun ƙarfe su zubo, ƙwas, ƙwas.
Warin ya shige gashina, ya kwana da ni a matashi,
sabulun ranar Juma'a ma ya gaji da shi.
Rupi ɗari biyu a wuni,
in tari bai cinye mini rabin rana ba.

Ƙanena Gulfam ke kai toka kogi.
Ya shiga ruwa har gwiwa da rariya a hannu,
yana girgizawa, yana girgizawa,
jan ƙarfe ya zauna, baƙin ya bi ruwa.
Ina yake zuwa? Ban taɓa raka shi ba.
Amma can ƙasa da gada akwai masu noman kabeji,
kuma na ga motar da ke lodin kabejin,
hancinta Delhi yake kallo.
Mai aiko mana da buhu, ko ya san
muna mayar masa da tukwici a cikin miya?

Wata Talata, wata waya ta ƙi mutuwa.
Ina taɓa ta, ta buɗe ido.
Tsohuwa ce a ciki, kai fari fat, ta rungume kare,
ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidan da ke bayanta.
Na dube ta har shayina ya huce.
Na ce, "Iya, ni ce Tabassum.
Jikarki ta sayi sabuwa, ko?"
Batir ya yi ja, ya ɗauke.
Na sa ta a aljihu.
Da la'asar mai awo ya zo, buhu ya gaza da ɗan kaɗan,
na ciro Iya na ɗora a sikeli.

Likitan asibitin gwamnati ya ɗaga leɓen Gulfam,
ya ga shuɗin layi a dasashi,
ya ce a raba yaron nan da toka.
Babana ya ce to.
A hanya ya saya masa ruwan rake, kofi babba.
Washegari rariya na hannunsa.
Ciki bai iya karanta takardar likita ba.

An ce akwai zinariya a allunan nan,
ba ta kai ƙwayar riɗi ba a kowane ɗaya.
Ni ban taɓa ganinta ba.
Tana can bayan wata ƙofar kwano da ake zuba asid,
inda maza ke ɗaure hanci da tsumma,
su fito da idanu jajur.
Ɗan kunnena dai na roba ne.

Daren jiya aka ɗauke wuta.
Babana ya kunna fitila, ya tsinci murfin bayan wata waya,
ya lalubo tsohuwar ƙusar zanensa a ƙasan akwati,
ya fara fure.
Hannun na rawa.
Ganye ɗaya, ganye biyu, na ukun ya karkace.
Ya yi tsaki, ya wurga shi buhun alminiyam,
tunda nauyi ake biya.

Na jira har minsharinsa ya daidaita,
na zura hannu har kafaɗa, ina laluba da yatsu,
wani abu ya yanke ni, na tsotse jinin, na ci gaba.
Ga shi nan ƙarƙashin matashina, yana warin gashina.
Buhu zai gaza da yamma. Ya gaza ɗin.