Faifan Mamuda

Shekara tara Mamuda yana tuƙa motar haƙa,
yana farke cikin ƙasa saboda masu neman zinariya,
har ranar da bangon rami ya zauna a kan ƙanena Gariba
da yara biyu, ɗaya ɗan Asante, ɗaya daga Bawku.
Ba shi ya haƙa wannan ramin ba.
Ya ce ko da haka, hannu irin nasa ne.

Damina huɗu ban gaishe shi ba.
In ya shigo layinmu a Abuwabu
sai in ƙara wa keken ɗinki wuta
har inuwarsa ta wuce.

Sai aka ce ya zautu.
Ya ari mataccen fili a bayan gari,
can inda tirotiro ke juyawa don hanya ta ƙare,
tsohon ramin tsakuwa, ruwa kwance launin tsatsa,
yana ta tura ƙasa, ba gida ba, ba gona ba.
Me kake ginawa? Ya ce, wurin yin shiru.
Shiru a Kumasi?
Dariyar ta kai har Kejetiya.

Na je ne in ga haukan da idona.

Ashe faifai ne.
Irin wanda kakata ke saƙawa, zagaye cikin zagaye,
sai dai wannan ya haɗiye filin ƙwallo biyu.
Jar ƙasa aka naɗe ta naɗu,
tana gangarawa kamar mai tsoron tashin jariri.
Hanya ɗaya ce tak, faɗin kafaɗun mutum,
ba yanke, ba tsallake.
Maame Afiriye, uwar ɗan Asanten nan,
ita ta dasa jema a bakin kowane zagaye
don saiwa ta riƙe abin da hannu ya tara.
Ba ta jin Hausa sosai. Ta nuna mini takalmina.
Na cire.

A zagayen farko ina jin hon, ina jin injin niƙa,
ina lissafin ɗinkin da ban gama ba.
A na uku bango ya kai mini ƙugu,
gari ya koma kamar rediyon maƙwabta.
A na biyar ya wuce kaina.
Babu kowa sai tafin ƙafata da sanyin ƙasa,
da wata katantanwa da ta riga ni fahimtar wurin.
Nan na tuna Gariba yana satar ƙosai a leda ta,
bakinsa duk mai, yana rantsuwa ba shi ba ne.
Shekara huɗu ina tuna yadda ya mutu.
Yau na tuna yadda yake.

Can ƙasa, a cibiya,
ruwa ne ɗan kaɗan, ya kwanta har ya washe,
da duwatsu uku, ba rubutu a kansu.
Sama ta zama murfin tukunya, shuɗiya,
ta sauko ta zauna cikin ruwan.
Ban yi kuka irin na makoki ba.
Wani iri ne, marar sauti,
kamar randa mai tsatsafo.

Da na ɗago, ga shi can a zagaye na shida,
ya rame, shebur a hannu,
yana cike inda ruwan daren jiya ya zaizaye.
Ya ce da ƙasa, ba da ni ba:
kowace damina tana cin rabonta,
ni kuma ina mayarwa.

Hanyar fita ita ce hanyar shiga.
Ba yanke, ba tsallake.
Dole kafaɗata ta gogi tasa.

Na tsaya.
Kwanon sarki na gefe, cike da jar ƙasa.
Na naɗa gyalena gammo, na ɗora a ka.
Na ce, Mamuda, sannu da aiki.
Ina za a zuba?