Wuyan Talotalo

Tun watan Rajab ya shigo gidanmu a bayan babur,
ƙafafu ɗaure da tsumma, kai a waje, yana zagin duk Rafindadi.
Badamasi ya sayo shi a Charanchi, ya ce na Ƙaramar Sallah ne,
kuma ba za a daddatsa shi ba,
ɗungurungum za a gasa, yadda ya gani a wani wuri.
Ba mu tambaye shi wurin ba.

Wata uku yana mulkin tsakar gida.
Ya ci dusa, ya ci ƙanzo, ya tsige zogalen Gwaggo Hansai,
ya kora ɗan Rumasa'u har ƙarƙashin gado.
In ya baje wutsiya, ya kumbura, yana jan fiffike a ƙasa,
sai ka ce mai bin bashi ya zo gaisuwa.

Daren da aka ga wata aka yanka shi.
Figarsa kaɗai ta cinye tukunya biyu ta ruwan zafi.
Na daka citta da kanumfari, masoro, kimba guda uku,
tafarnuwa har sai da turmi ya koka,
na kwaɓa da man shanu da lemun tsami,
na zura hannu tsakanin fata da tsoka
ina murzawa, kamar mai danna wa tsoho baya.
Ciki albasa, da dankali, da 'yar daddawa
da na cusa a ɓoye, don Badamasi ya ce ba a sawa.

Da asuba muka gwada shi a 'yar obin ɗin Rumasa'u.
Ƙirji ya shiga.
Cinyoyi suka ce ba da su aka yi shawara ba.

Haka muka ɗauke shi a Napep, lulluɓe cikin babban tire,
sai gidan burodin Malam Dikko a Ƙofar Marusa.
Ya ce, "Yau ban hura wuta ba,
amma tanderu bai huce ba, zafin jiya yana nan.
Ku tafi Idi. Irin wannan nama
ba ya son a tsaya masa a kai."

Da la'asar ya dawo gida ja wur, fata na ƙyalli,
ƙamshi ya riga shi shiga zaure.
Aka shimfiɗa tabarma uku. Masa, shinkafa, miyar taushe.
Baba ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa.
Cinya ɗaya ta surukai, ɗaya ta maƙwabta,
fiffike na yara, sun yi faɗa a kai,
ƙirji ya zaga kowa har ya dawo.
Badamasi na tauna yana cewa, "Kun gani? Ba daddawa."
Na sunkuyar da kai cikin masa.

Sai wuya ya rage a gefen tire.

Shekara talatin, ko kaza ce, ko zabo,
Inna kan miƙa hannu kafin kowa:
"Ku bar mini wuyana, shi nake so."
Muka yarda. Har tsokanarta muke yi.
Wannan ce Sallah ta farko da ba ta nan ta faɗa.

Baba ya duba, ya goge wuƙa, ya ce zai yi alwala.
Gwaggo ta shiga neman goron da ke hannunta.

Na ƙirga bakuna, na ƙirga abin da ya rage,
na ga ɗan Rumasa'u na lasar yatsa yana kallon kwanona.
Na tura masa tsokata. Na ɗauki wuyan.

Ƙashi ne, Inna, ƙashi da jijiya.
Na ce da su, "Shi nake so."