Bangon Aji Huɗu

Da muka kankare fentin bangon aji huɗu
a tsohuwar makarantarmu ta Agege,
sai ga sunana a ƙasa,
rubutun ƙusa: Sallau.
Shekara arba'in, laimar Ikko ba ta cinye shi ba.

Damina ta ci rufi, gara ta ci benci,
ƙararrawa kuwa tuni ta bi 'yan gwangwan.

Yau Folake ke kwaɓa siminti,
Tanimu na kan tsani yana faɗa da kwano.
Jirgin ƙasa ya wuce, tagogi suka amsa.

Nan za a jera kekunan ɗinki,
can teburin gyaran waya.

Yarinyar da ke riƙe da buroshi ta ce,
"Baba, in shafe?"
Na ce, "Shafe.
Ƙusa ba ta ƙare a garin nan ba."