Ɗigon Ido

Ni mai fentin allunan shaguna ne a Aboabo.
Kawunan aski goma sha biyu, kifi a faranti,
"Ba bashi yau" da jan fenti.

Ranar da na je Adum rubuta sunan shagon Gwo,
tsohon Basine mai sayar da famfo da wayar wuta,
na iske shi bayan kwalaye
yana niƙa baƙin sanda a kan dutse da ɗigon ruwa.
Tawada ce. Hancina ya gane ta kafin idona,
ƙamshin zauren Malam Tanimu
inda muka koyi zayyana.

Takardarsa kamar ɓawon albasa.
Ya ja numfashi, ya ja hannu sau ɗaya,
gora ta miƙe da gaɓoɓinta.
Tsauni can sama, ɗan kwalekwale nan ƙasa,
tsakaninsu fari fat.
Na ce, tawadar ce ta ƙare?
Don a sana'ata fili asara ne,
mai shago ya biya kuɗin kowane taƙi.
Ya ce, da gurguwar Hausar da ya tsinta a Kejetia:
farin nan shi ne kogin.

Sai ya ba ni tatsuniyar garinsu.
Wai wani gwani ya zana macizan sama huɗu a bango,
masu ƙaho da farata, masu jan hadari,
ya bar su duka ba ido.
Aka ce ya kasa ne. Ya ce, za su tashi.
Aka yi dariya har da riƙe ciki.
Ya ɗiga wa biyu.
Tsawa ta faɗi, bango ya tsage,
biyu suka shige gajimare,
makafin biyu suka zauna.

Na tuna Malam yana cewa
mai zana abu mai rai, gobe za a ce masa hura masa rai.
Mu tsoronmu ranar da za mu kasa,
su tsoronsu ranar da za su iya.

Ya nuna mini aikin 'yarsa a waya.
Inda tsauni yake, ta jera benaye,
injin gini ya miƙa wuya kamar zalɓe,
amma tsakiya tana nan fari.
Hazo ne ko hayaƙi? Ta ƙi faɗa.
Ya yi tsaki, bai kuma kashe wayar ba.

Da yamma na gama kifin Anti Akosuwa,
na bar idon.
Ta ce, ƙarasa, ko ka manta da sidinka sittin.
Na ɗiga.

Daren nan aka kwana ana ruwa,
rafin Aboabo ya haura gada.
Da safe ƙusoshi huɗu na tarar a bango.

Iska ce, na sani.
Amma na bi bakin rafin har ƙasa ina leƙe.